Tafiyar Ƙafa a Kwarin Cuckmere da Gaɓar Tsakuwarsa: Tambayoyi da Amsoshi

An shirya wannan shafi ne domin masu niyyar taka kwarin kogin Cuckmere da ke kudancin Ingila, tun daga gadar Exceat har zuwa inda ruwan kogin ke haɗuwa da teku, musamman ɗalibai da mazauna Birtaniya waɗanda ba su saba da gaɓar teku irin ta tsakuwa ba. Wanda ya fara ganin wurin yakan ɗauka tulin duwatsu ne kawai babu rai a cikinsa, kuma daga wannan zato ne yawancin ɓarnar da baƙi ke yi take fitowa.

Ina ne kwarin Cuckmere yake, kuma me ya bambanta shi da sauran?

Yana cikin gundumar Sussex ta Gabas, tsakanin garin Seaford da birnin Eastbourne, a bakin mashigin ruwan da ya raba Ingila da Faransa. Kogin ya taso ne daga kusa da garin Heathfield, ya yi tafiyar kimanin kilomita 30, ya ratsa tuddan alli na South Downs ta ƙauyen Alfriston, sannan ya faɗa teku a wurin da ake kira Cuckmere Haven. Sauran kogunan Sussex duk an gina gari ko tashar jiragen ruwa a bakinsu, kamar yadda aka yi wa kogin Ouse a Newhaven da kogin Adur a Shoreham, amma shi wannan an bar bakinsa babu gari, babu layin dogo, babu titin mota. Ɓangaren gabas na kwarin yana cikin wurin shaƙatawa na Seven Sisters mai faɗin hekta 280, wanda tun shekarar 2021 yake hannun hukumar gandun ƙasa na South Downs. Daga bakin kogin ne gaɓar farin alli mai ƙololuwa bakwai ta fara, ta miƙa gabas har Birling Gap.

Ta yaya ake zuwa wurin?

Daga Landan akan shiga jirgin ƙasa a tashar Victoria zuwa Eastbourne, ko kuwa a sauka a Lewes a canja zuwa Seaford. Daga kowanne cikin garuruwan biyu akwai bas mai lamba 12 da ke zirga-zirga tsakanin Brighton da Eastbourne a kan titin A259, kuma yana tsayawa a Exceat daf da ofishin karɓar baƙi. Akwai wuraren ajiye mota na biya, amma sukan cika tun da hantsi a ranakun hutu na lokacin zafi, kuma gadar Exceat mota ɗaya take ɗauka a lokaci guda, saboda haka cunkoso ba baƙon abu ba ne. Bas ya fi sauƙi.

Wace hanya ya kamata mai zuwa karon farko ya bi, kuma tsawonta nawa ne?

Hanyar da ta fi dacewa da kowa ita ce ta gabashin kogin, wadda aka shimfiɗa wa kankare a mafi yawan tsawonta, ta yadda keken guragu da keken jarirai suna iya bi. Daga Exceat zuwa bakin teku kimanin kilomita 2 ne, babu hawa babu gangara, kuma wanda bai tsaya kallo ba zai kai cikin rabin awa. Sai dai wanda ya je ba zai so ya wuce ba tare da tsayawa ba, domin a gefen wannan hanya ne tsofaffin lanƙwasoshin kogin da tafkin ruwan gishiri suke, inda tsuntsaye ke taruwa.

Hanya ta biyu tana bin yammacin kogin a kan tudun da aka gina don tare ambaliya, ta fita kusa da gidajen masu gadin teku da aka gina a farkon ƙarni na 19. Daga bayan waɗannan gidaje ne ake ɗaukar hoton nan da ya shahara, wanda ake ganin ƙololuwan alli bakwai a jere. Wannan hanya takan yi taɓo sosai daga watan Nuwamba zuwa Maris.

Mai ƙarfin ƙafa yana iya farawa daga Alfriston ya biyo kogin kudu ta Litlington, wato ƙarin kimanin kilomita 5, inda zai hango farin dokin da aka zana a jikin tudu a 1924 ta hanyar yaye ciyawa har alli ya fito. Wanda kuma yake son yini guda cur a kan ƙafa sai ya ɗauki hanyar Seaford zuwa Eastbourne, wadda ta haura kilomita 20, da hawa da sauka a kan kowace ƙololuwa.

Me ya sa ake ganin kamar koguna biyu ne, ɗaya miƙaƙƙe ɗaya mai lanƙwasa?

Kogi ɗaya ne, amma hannun mutum ya raba shi. Asalin kogin shi ne mai lanƙwasar, domin a ƙasa mai shimfiɗa ruwa yakan ci gefen waje na kowace kwana ya tara laka a gefen ciki, har lanƙwasar ta yi ta zurfi. A 1846 aka haƙa miƙaƙƙiyar hanya daga Exceat zuwa teku domin ruwan sama ya riƙa saurin fita kada ya malale gonakin da ke sama, aka kuma tada tudu a gefe da gefe. Tun daga lokacin tsohuwar hanyar ta yanke daga gudun kogin, ruwanta ya zama kwantacce marar zurfi, laka na taruwa a ƙarƙashinsa. A nan ne masu koyon tuƙin ƙaramin kwale-kwale ke atisaye, kuma a nan ne ake ganin ƙananan tsuntsayen nutso a lokacin sanyi.

Daga ina wannan tsakuwa mai yawa ta fito?

Daga cikin allin kanta. Allin ya samu ne fiye da shekara miliyan 65 da suka wuce, daga ɓawon wasu ƙananan halittun teku da ido ba ya iya gani, waɗanda suka yi ta zuba a ƙarƙashin ruwa suna daskarewa. A tsakanin shimfiɗun allin akwai layuka na baƙin dutse mai tauri, irin dutsen ƙyastu, kuma duk wanda ya dubi fuskar gaɓar zai gan su a jere. Idan gaɓa ta zube, ruwa yakan narkar da allin ya tafi da shi, ya bar dutsen mai tauri, igiyar ruwa kuma ta yi ta goga shi da ɗan'uwansa har ya zama mulmulalle.

Tsakuwar ba a zaune take ba. Iskar da ta fi kaɗawa a wannan gaɓa daga kudu maso yamma take zuwa, don haka igiyar ruwa tana dukan gaɓar a karkace, tana tura duwatsun gabas sannu a hankali. Wannan ne ya sa bakin kogin yake yawan toshewa, kuma guguwar dare ɗaya a lokacin sanyi tana iya sauya fasalin gaɓar gaba ɗaya.

Shin akwai tsiron da zai iya rayuwa a kan tsakuwa zalla?

Akwai, kuma su ne abin da ya fi cancantar a tsaya a duba a wurin. Tsakuwa ba ta riƙe ruwan sama, ba ta da ƙasa sai 'yar tarkacen ciyawar teku da ta ruɓe a tsakanin duwatsu, iska na watsa mata gishiri, rana na gasa ta, teku kuma na juya ta. Tsiron da ya jure duk wannan dole ya kasance da shiri na musamman, kuma irin wannan mazauni ba shi da yawa a duniya. Gaɓar kudu maso gabashin Ingila tana cikin wuraren da suka fi samunsa.

Wanda ido ya fi saurin kamawa shi ne kabejin teku, wanda masana ke kira Crambe maritima. Ganyensa kauri gare shi, launinsa tsakanin kore da toka-toka, an lulluɓe shi da wani abu mai santsi kamar kaki wanda ke hana ruwa fita. Saiwarsa takan nutsa har kusan mita 2 domin ta riski ruwa mai daɗi da ke ƙasa. A lokacin sanyi yakan mutu a sama ya ɓace ɗungurungum, sai watan Maris ko Afrilu a ga wasu jajayen tsirrai masu duhu suna leƙowa daga tsakanin duwatsu, kafin watan Mayu da Yuni ya yi farin fure mai ƙamshin zuma. 'Ya'yansa ƙwallaye ne masu sauƙi waɗanda ke iya yin kwanaki suna yawo a kan ruwan gishiri ba su lalace ba, kuma ta haka yake kama sabuwar gaɓa. Yakan ɗauki shekaru kafin ya fara fure, don haka gindi ɗaya da aka tattake ba ƙaramar asara ba ce.

Na biyu shi ne mai rawayan fure da dogon kwafso, Glaucium flavum, wanda ke fure daga Yuni zuwa Satumba. Kowane fure kwana ɗaya ko biyu yake yi ya zube, amma kwafson da ke biyo baya siriri ne mai lanƙwasa kamar ƙaho, yakan kai santimita 30. Ganyensa na da gashi-gashi domin rage ƙafewar ruwa. Dukkan sassansa suna da guba, saboda haka a hana yara taɓa ruwan da ke fita idan an karya shi.

Bayan waɗannan akwai gwozar teku mai ganye kore shar mai ƙyalli, wadda daga gare ta ne aka samo gwozar da Turawa ke nomawa don yin sukari, da kuma wani tsiro mai dogon kara da shuɗin fure wanda ƙudan zuma ke rububinsa a watan Yuni da Yuli. Mai lura zai ga cewa tsirran sun jeru ne daki-daki: kusa da ruwa babu komai, bayan layin da igiya ke kaiwa sai ɗai-ɗai, can baya kuma inda tsakuwar ta daɗe ba ta motsa ba sai a ga gansakuka da gajeriyar ciyawa sun fara rufe ta. Wanda yake son ganin wannan tsari a faɗinsa sai ya je Dungeness a gundumar Kent, inda aka ƙirga nau'in tsiro kusan 600, wato kimanin sulusin duk waɗanda ke Birtaniya.

Gaskiya ne cewa akwai tsuntsayen da ke ƙwai a kan duwatsun?

Gaskiya ne. Fitacce a cikinsu wani ɗan ƙaramin tsuntsun bakin ruwa ne mai baƙin zobe a wuya da jajayen ƙafafu masu ruwan lemo, Charadrius hiaticula. Ba ya yin sheƙa. Ɗan rami kawai yake kwarfewa a cikin tsakuwa ya zuba ƙwai, galibi huɗu, masu ɗigo-ɗigo waɗanda launinsu ya saje da duwatsun har mutum zai iya tsayawa taku ɗaya daga gare su bai gani ba. 'Yan tsakin ma haka suke, idan suka ji motsi sai su lafe. Wannan sajewa tana kare su daga hankaka da tsuntsayen teku masu satar ƙwai, amma ita ce kuma take sa ƙafar mutum ta murƙushe su.

Idan aka ga tsuntsu yana jan fiffike a ƙasa kamar ya karye, yana kuka yana nisanta a hankali, to lafiyarsa ƙalau. Dabara ce ta janye maƙiyi daga wurin ƙwansa. Abin da ya dace shi ne a juya a koma ta inda aka fito, ana duban wurin sa ƙafa. Ko da ba a taka ƙwan ba, tayar da uwar na tsawon lokaci a rana mai sanyi yana iya kashe abin da ke ciki. Wani tsuntsun mai irin wannan ɗabi'a shi ne baƙi da fari mai dogon jan baki, wanda ke fasa kumbar katantanwar teku, kuma kukansa mai kaifi ne yakan fara sanar da zuwan baƙo.

A gaɓar da jama'a ke tururuwa irin ta Cuckmere, samun nasarar ƙyanƙyasa abu ne mai wuya, shi ya sa a wurare kamar gandun Rye Harbour da ke gabas ake kewaye filin ƙwai da shinge. Daga Afrilu zuwa ƙarshen Yuli, wanda ya bi ta ƙasan gaɓar kusa da ruwa, ko ya tsaya kan hanyar da ƙafa ta riga ta fitar, ya sauke nauyin da ke kansa. Dokar kare namun daji ta 1981 ta haramta lalata sheƙar tsuntsu ko ɗaukar ƙwansa da gangan.

Waɗanne tsuntsaye ake gani a cikin kwarin, kuma wane lokaci ne ya fi?

Babu watan da za a je a rasa abin kallo. Zalɓe yana nan duk shekara, haka ma wani farin tsuntsu ɗan'uwan balbela mai baƙin baki da rawayan yatsu, wanda a da baƙo ne a Birtaniya, sai a 1996 aka fara samun ya yi ƙwai a ƙasar, a tsibirin Brownsea, yanzu kuwa ya zama ruwan dare a kudu. Ana kuma ganin ɗan tsuntsun nan mai kamun kifi mai shuɗin baya yana wucewa kamar walƙiya a kan magudanan ruwa, musamman daga kaka zuwa sanyi.

Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, shi ne na agwagin daji masu zuwa daga arewacin Turai da Rasha, waɗanda ke kiwo garke-garke a kan ciyawar fadama, tare da dinyoyi da tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke caccakar laka. A lokacin bazarar Turai kuma kallo yakan koma kan gaɓar alli, inda tsuntsayen teku ke ƙwai a ramuka da 'yan matakai, shaho mafi gudu kuma yana farauta a samansu. A kan tuddan, inda tumaki suka daɗe suna kiwo har ciyawa ta gajarce, watan Yuli da Agusta ne ake ganin shuɗayen malam-buɗe-littafi da ƙananan furanni masu yawan gaske. A wuri mai kyau akan sami nau'in tsiro kusan 40 a murabba'in mita ɗaya.

Safiya ta fi yamma, kuma awa biyu kafin teku ya gama cika sun fi kowane lokaci, domin ruwa yana koro tsuntsayen daga laka zuwa kusa da hanya.

Ko tsuntsayen nan suna da wata alaƙa da ƙasashenmu?

Suna da ita ƙwarai. Da yawa daga cikin ƙananan tsuntsayen da ke sauka a Cuckmere da tudun Seaford a watan Maris da Afrilu daga Afirka ta Yamma suka taso, bayan sun ƙetare Sahara da tekun Bahar Rum, kuma a Agusta da Satumba a nan suke tsayawa su yi ƙiba kafin su sake ƙetarawa kudu. Tsattsewa tana cikinsu, da wani ɗan tsuntsu mai farin gindi mai son tsayawa kan dutse, da ire-iren masu waƙa a cikin kyauro. Irin waɗannan nau'o'i ne ake samu lokacin hunturu a dausayin Haɗeja da Nguru, da kewayen Tafkin Chadi, da fadamun kogin Neja a Mali.

An ga zahirin wannan alaƙa a 1969. A bazarar shekarar, wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro da ya cika shingayen Birtaniya ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a lokaci guda, kuma da masana suka bincika sai suka gano cewa ƙarancin ruwan sama a yankin Sahel ne sanadi, wato mafarin farin da ya ƙazanta a farkon shekarun 1970. Tun daga nan masu nazarin tsuntsaye a Turai suke bibiyar damunar Sahel.

Mene ne wannan fili mai laka da gajerun tsirrai a gefen kogin?

Fadamar gishiri ce, wato wurin da ruwan teku ke rufewa idan ya cika sosai, ya kuma janye. Tsiron da ya fi yawa a ƙasa-ƙasa wani ne marar ganye mai gaɓoɓi cike da ruwa, kore a lokacin zafi, ja a watan Satumba da Oktoba. A da akan ƙona shi a yi amfani da tokarsa wajen yin gilashi da sabulu, kamar dai yadda ake tace toka a yi sabulun gargajiya a gida. Fadamar tana rage ƙarfin igiyar ruwa kafin ta kai tudun kariya, kuma ƙananan kifaye suna girma a cikin 'yan magudananta. Ba wurin takawa ba ne, domin lakar tana da zurfi fiye da yadda ake zato.

Me ake gani idan teku ya janye?

A ƙarƙashin gaɓar akwai shimfiɗaɗɗen dandamalin alli, wanda shi ne ragowar gaɓar da teku ya riga ya cinye, cike da kwararo da ƙananan kududdufai. A cikinsu akwai ƙaguwa, da ƙananan kifaye, da jatan lande, da wasu halittu masu kama da fure waɗanda a zahiri dabbobi ne masu harbi, da kuma katantanwar da ke huda alli ta zauna a ciki. Tun 2013 aka ayyana wannan yanki na teku a matsayin wurin kariya mai suna Beachy Head West. Wanda ya ɗaga dutse don ya duba ƙarƙashinsa sai ya mayar da shi yadda ya same shi, domin abin da ke manne a ƙasan dutsen ba ya jure rana. A layin da igiya ke zubar da tarkace kuma akan tsinci baƙaƙen jakunkuna masu ƙahoni huɗu, waɗanda kwanson ƙwan wasu kifaye ne masu faɗi.

Za a iya tsallake kogin a bakin teku?

Babu gada a wurin, kuma shawarar masu kula da wurin ita ce kada a gwada. Akan ga wasu suna ratsawa idan ruwa ya janye ƙwarai, amma ƙasan tsakuwa ce mai zamewa, ruwan yana da sanyi da ƙarfin gudu, kuma zurfinsa yana sauyawa cikin mintuna. Teku a nan yana cika ya janye sau biyu a kowane yini da dare, kuma a kwanakin tsayuwar wata da cikarsa bambancin yakan kai kusan mita 6. Hanyar da ta tabbata ita ce komawa gadar Exceat, abin da ke ƙara kimanin kilomita 4 a tafiyar. Babu masu ceto a wannan gaɓa.

Yaya girman haɗarin gaɓar allin yake?

Babba ne, daga sama da kuma daga ƙasa. Ƙololuwa ta farko, Haven Brow, tsayinta mita 77 ne, Beachy Head kuma da ke can gabas mita 162, kuma babu shinge a mafi yawan hanyar. Farin da gaɓar take da shi zubewa ce ke kawo shi: ba a yi mata kariya ba, don haka kullum sabuwar fuska take fitowa. A Birling Gap tana ja da baya fiye da rabin mita a shekara idan aka yi matsakaicin lissafi, amma ba a hankali take tafiya ba. Takan yi shekaru shiru, sannan mitoci da yawa su rufta a lokaci ɗaya ba tare da alama ba. A 1999 sai da aka ja hasumiyar fitila ta Belle Tout baya da mita 17 domin kada ta faɗa. Ciyawar da ke bakin gaɓar sau da yawa babu komai a ƙarƙashinta, shi ya sa ake cewa a bar aƙalla mita 5 tsakani, kuma babu hoton da ya kai a matsa kusa dominsa.

A ƙasa kuma haɗari biyu ne: faɗowar dutse a kan wanda ya zauna a gindin gaɓar don neman inuwa, da kuma ruwa ya datse wa mutum hanya. Tsakanin Cuckmere Haven da matakalar Birling Gap babu wata mafita zuwa sama. A duba jadawalin cikar teku kafin a fita, idan kuma an shiga matsala a kira 999 a nemi masu gadin teku.

An yarda a ɗauki tsakuwa ko a ciri fure?

A'a. Dokar kare gaɓar teku ta 1949 ta ba ƙananan hukumomi ikon hana kwasar tsakuwa da yashi, domin tsakuwar ce katangar da ke tare teku daga kwarin. Tumɓuke tsiron daji ba da izinin mai ƙasa ba ma laifi ne. Kunna wuta ko gasa nama a kan tsakuwa yana ƙone saiwoyin da ke ƙasa, kuma dutsen ƙyastu idan ya yi zafi yana iya tarwatsewa ya ji wa na kusa rauni.

Mene ne waɗannan ƙananan gine-ginen kankare da ke warwatse a kwarin?

Ragowar Yaƙin Duniya na Biyu ne. Da yake wurin fili ne da jirgi zai iya sauke sojoji, a 1940 da bayanta an gina ɗakunan harbi da shingayen tare tankokin yaƙi, aka kuma riƙa kunna fitilu da dare domin matuƙan jiragen Jamus su ɗauka tashar Newhaven ce su zubar da bama-bamansu a fili. Kafin wannan, a ƙarni na 18 da farkon na 19, 'yan fasa-ƙwauri ne suka mayar da wurin mashigarsu, suna sauke barasa da ganyen shayi da taba daga Faransa, kuma don maganinsu aka gina gidajen masu gadin teku. Shi kansa Exceat ƙauye ne mai coci a zamanin da, amma annobar 1348 da hare-haren Faransawa suka watsa shi, har a 1528 aka haɗe shi da ƙauyen West Dean. Wani dutse ne kawai a kan tudu yake nuna inda cocin ya tsaya.

Me ya kamata a tanada kafin a fita?

Takalmi mai kauri da ke riƙe idon sawu, domin tafiya a kan tsakuwa tana gajiyar da ƙafa ninkin ta ƙasa, da riga mai tare iska ko da rana ta fito. Banɗaki da wurin sayar da abinci suna Exceat ne kawai, babu komai a bakin teku, don haka wanda zai yi salla a can gara ya yi alwala tun daga sama, ya kuma riƙe guzurinsa da ruwan sha. A lura da tsawon yini: a watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 4 na yamma, a watan Yuni kuwa sai bayan ƙarfe 9.

Masu yawo da karnuka suna da yawa a hanyar, wanda bai saba ba ya san da haka. Shanu da tumaki suna kiwo a filayen, a rufe duk ƙofar shingen da aka buɗe, kada kuma a shiga tsakanin saniya da ɗanta. A cikin doguwar ciyawa akwai kaska mai iya sa cuta, sai a duba jiki bayan an dawo. Maciji mai dafi nau'i ɗaya ne a duk Birtaniya, ana samunsa a tuddan nan yana shan hantsi a lokacin bazara, kuma gudu yake yi idan ba a taɓa shi ba.

Kwarin zai ci gaba da kasancewa yadda yake?

Da wuya. Tuddan da aka gina a ƙarni na 19 sun tsufa, teku yana ƙara tasowa, kuma a 2011 Hukumar Kula da Muhalli ta daina ɗaukar nauyin gyaran tuddan da ke kudu da gadar Exceat, bisa dalilin cewa kuɗin da ake kashewa ya fi abin da ake karewa, tunda babu gidaje a filin. Tun kafin nan ake taƙaddama. Wani ɓangare yana ganin a bar ruwa ya shiga, filin kiwon ya koma fadamar gishiri da laka kamar yadda yake kafin 1846, abin da zai ƙara wa tsuntsaye da kifaye mazauni. Ɗaya ɓangaren, wanda ya haɗa da mazauna ƙauyukan sama da masu son lanƙwasoshin yadda suke, yana tsoron ɓacewar hanyoyin ƙafa da kuma ambaliya a Alfriston da Litlington idan tsakuwa ta toshe bakin kogin ba a yashe ba. Hujjar ɓangaren farko ta fi ƙarfi idan aka dubi shekaru masu zuwa, amma ƙorafin masu gonaki da gidaje game da yashe bakin kogin yana da tushe, domin an ga filayen sun yi makonni a ƙarƙashin ruwa a lokutan sanyi masu yawan ruwan sama. Gidajen masu gadin teku ma suna cikin barazana, masu su da wata ƙungiyar sa-kai ne suke tara kuɗin gyaran katangar da ke ƙarƙashinsu. Ga mai tafiya, abin da wannan ke nufi a aikace shi ne hanyar da taswira ta nuna tana iya kasancewa a rufe ko cikin ruwa bayan babbar cika, saboda haka a tambaya a ofishin karɓar baƙi na Exceat kafin a kama hanyar yamma.